Kurakuran da aka fi yi da gilashin janyo nesa mai araha, da yadda ake gyara su

Gilashin kyamarar da ake magana a kansa shi ne dogon nan mai siffar bututu, sau da yawa fari, wanda ake sayarwa a intanet da lambobi irin su 420-800mm ko 650-1300mm a jikinsa, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashin dogayen gilasan Canon ko Nikon ba. Ba ya nemo saiti, wato kaifin hoto, da kansa, ba shi da na'urar rage girgiza, kuma babu wata sadarwa ta lantarki tsakaninsa da kyamara, domin komai nasa da hannu ake juyawa. Masu koyon hoto a Jos sukan fara da shi saboda sha'awar ɗaukar tsuntsaye, ko duwatsun Shere, ko wata a daren sha huɗu, amma da yawansu bayan 'yan fitowa kaɗan sai su ajiye shi suna cewa an cuce su. Gilashin yana da rauninsa na gaskiya, sai dai mafi yawan hotunan da ke fitowa dishi-dishi laifin ba daga ingancinsa yake ba. Daga haske ne, da girgiza, da saiti, da kuma iskar da ke tsakanin mai hoto da abin da ya nufa.

Tun wajen ɗaura shi wasu ke yin tuntuɓe. Irin wannan gilashi yana haɗuwa da kyamara ne ta hanyar wani zobe da ake kira T2, kuma kowane kamfani da nasa zoben, don haka na Canon ba zai shiga Nikon ba. Bayan an ɗaura, kyamara ba ta san da shi ba. Canon takan nuna F00 a allo, ƙananan Nikon irin jerin D3000 da D5000 kuwa sukan ce babu gilashi a haɗe, su ƙi ɗauka har sai an mayar da su kan M, wato yanayin da mai hoto ke zaɓar komai da hannu, kuma ko a can ba sa auna haske da irin wannan gilashi. A kyamarori marasa madubi, kamar na Sony da Fujifilm, akwai wani zaɓi a cikin jerin saituna da ke ba da izinin ɗauka ba tare da gilashi ba, sai an kunna shi. Duk wannan ba lalacewa ba ce. Wanda kyamararsa ba ta auna haske sai ya ɗauki hoton gwaji, ya duba, ya gyara, ya sake ɗauka.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne riƙe gilashin a hannu. Duk abin da ya janyo nesa kusa yana ninka motsin hannu daidai gwargwadon yadda ya ninka girman abin da ake kallo, kamar doguwar gorar tsinko mangwaro wadda motsi kaɗan a gindinta ke zama babban lilo a samanta. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce saurin shata (murfin da ke buɗewa ya rufe a lokacin ɗauka) kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashin (lambar mm ɗin da aka tsaya a kai), wato a 800mm ana buƙatar aƙalla 1/800 na daƙiƙa. Amma mafi yawan kyamarorin da masu koyo ke riƙe da su masu ƙaramar sensa ne (ɗan faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara), waɗanda ke ƙara ninka tsawon sau 1.5 a Nikon da Sony, sau 1.6 a Canon. Ke nan 800mm a kan ƙaramar Canon daidai yake da 1280mm, abin da ke neman shata ta 1/1250 ko fiye. Maganin shi ne abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, mai nauyi, kuma a ɗaura ta a ƙafar da ke jikin gilashin. Wanda ya ɗaura kyamarar a kan ƙafa ya bar dogon bututun yana reto a gaba, ya ƙara girgiza kuma yana wahalar da bakin kyamararsa. Kada a zaro sandar tsakiya ta ƙafar, domin nan ne ta fi rawa. A yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 ko igiyar dannawa domin yatsa ya bar kyamara kafin ta ɗauka, kuma a kyamara mai madubi a ɗauka ta allon baya ko a kulle madubin sama, tunda bugunsa kaɗai ya isa ya ɓata hoto a wannan tsawo. Iskar da ke kaɗawa a kan tsaunukan Filato ba ƙarama ba ce, saboda haka yana da kyau a nemi gindin dutse a fake, ko a rataya jaka mai nauyi a ƙarƙashin ƙafar ba tare da ta yi lilo ba. Inda babu ƙafa uku, ɗan buhun wake ko shinkafa da aka ɗora a kan dutse ko tagar mota yana aiki ƙwarai, har ya fi siririyar ƙafa mai araha.

Daga nan sai batun haske, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa zaro zum, wato ƙara tsawon gilashin, har ƙarshe kuskure ne a mafi yawan lokuta. A jikin gilashin za ka ga an rubuta f/8.3-16 ko f/8-16. Ma'anarsa ita ce a gajeren tsawo ƙofar haske tana kusan f/8, a dogon kuma ta koma f/16, kuma a yawancin irin waɗannan gilasai babu zoben da zai ba ka damar sauya ta. Tsakanin f/8 da f/16 hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A rana tsaka mai haske sosai, f/16 da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin yadda sensa ke jin haske) suna buƙatar shata ta kusan 1/100. In kana son 1/1250 dole ISO ya haura zuwa wajen 1250 ko 1600, alhali rana tana tsakiyar ƙarfinta. A ranar da hadari ya rufe gari, kamar yadda yake yi a Jos kwanaki a jere cikin Yuli da Agusta, haske na iya raguwa sau takwas, sai lissafin ya kai ISO 10,000, inda tsohuwar kyamara ke cika hoto da tsaki-tsaki. Wanda ya tsaya a 420mm ko 500mm yana samun haske ninki uku ko huɗu, girgiza ta ragu da kusan rabi, kuma gilashin kansa ya fi kaifi a nan. Hoton da aka ɗauka a 500mm aka yanke gefensa a kwamfuta sau da yawa yana fin wanda aka ɗauka a 800mm kyau. Masu jin tsoron ɗaga ISO su ma suna kuskure, domin tsaki-tsaki ana iya rage shi daga baya, amma hoton da ya girgiza ba shi da gyara.

Akan haɗa wani ɗan gilashi mai ninka tsawo sau biyu a cikin kwalin, shi ya sa ake ganin talla tana cewa 1600mm ko 2600mm. Shawarata ita ce a bar shi a kwalin. Yana mayar da f/16 zuwa f/32, yana duhunta tagar leƙawa har saiti ya gagara, kuma abin da yake ƙarawa girman dishi-dishi ne kawai.

Saiti da hannu shi ne inda haƙuri ke ƙarewa. Kuskure na farko a nan shi ne zaton cewa idan abu yana da nisa, sai a juya zoben har ƙarshe a bar shi. Yawancin waɗannan gilasai suna wuce alamar iyakar nisa, saboda haka ƙarshen zoben ba ya saita komai, har wata ma sai an ɗan dawo da baya. Na biyu shi ne saitawa sannan a taɓa zum. Da zarar tsawo ya sauya, saiti ya tafi, don haka a fara zaɓar tsawo, a ɗaure zoben kullewa idan akwai, kana a nemi saiti. Na uku shi ne dogaro da tagar leƙawa, wadda a f/16 take da duhu, kuma idan ɗan maɓallin daidaita ta da ƙarfin ido ya goce, abin da ka gani da kaifi ba shi ne sensa ta gani ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a kunna allon baya, a faɗaɗa hoton sau 5 ko sau 10, a juya zoben a hankali har ya wuce wurin kaifi, sannan a dawo. Zurfin abin da ke fitowa da kaifi ɗan kaɗan ne: a 800mm da f/16, tsuntsun da ke nisan mita 10 yana cikin tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba, ta yadda ganyen da ke gabansa zai iya fita tas shi kuma ya dushe. Shi ya sa ake saita ido, kuma ake ɗaukar hotuna da yawa a jere ana ɗan motsa zoben tsakaninsu.

Da wannan gilashi ba a bin shirwa a sama. Wanda ya fara da tsuntsu mai tashi zai gaji ya fid da rai. A fara da abin da ke zaune: rema tana shan hantsi a kan dutse, kurciya a kan waya, balbela a bayan shanu. A dajin Amurum da ke kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, akwai wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mazaunin duwatsu wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban. Irinsa ba ya tsayawa a jira a saita shi. Dabarar ita ce a lura da reshe ko bakin ruwan da tsuntsaye ke yawan sauka, a saita gilashi a kan wurin tun kafin su zo, a zauna shiru.

Akwai kuskuren da ko mai gilashin miliyoyi ba ya tsira daga gare shi, wato mantawa da cewa iska ma tana cikin hoton. Idan rana ta gasa duwatsu da kwanon rufi da kwalta, zafin da ke tashi yana sa haske ya riƙa karkacewa, sai ka ga gefen dutse mai nisa yana rawa a allo, kuma babu saitin da zai tsayar da shi. A lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana cinye launi da bambancin haske da duhu, har tsaunukan Shere su zama toka-toka daga cikin gari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sassafe kafin ƙasa ta ɗauki zafi, ko bayan an ɗauke ruwan sama iska ta wanku, kuma rana ta kasance a bayan mai hoto. Abin da na fi son mai koyo ya gane shi ne amfanin gilashin ya fi fitowa wajen girmama ƙaramin abu da ke nisan mita 15 ko 30, fiye da ƙoƙarin kamo abin da ke nisan kilomita 5. Matsawa kusa da taku ashirin ya fi ƙarin 300mm amfani.

Wata shi ne abin da wannan gilashi ya fi iyawa, amma shi ma ana ɓata shi ta hanyar ɗaukarsa a matsayin abu mai duhu saboda dare ne. Hasken rana ne a kansa, don haka cikakken wata yana buƙatar kusan f/11, wato wajen tsakiyar zum a wannan gilashi, da ISO 200 da shata 1/200. Kyamarar da aka bar wa zaɓi takan mayar da shi farin faifai marar komai. Yana kuma tafiya, yana ƙetare faɗin kansa cikin kusan minti 2, saboda haka a 800mm sai an riƙa bin sa. Ramukansa sun fi bayyana a daren bakwai ko takwas ga wata, lokacin da inuwa ke kwance a gefensu. Rana kuwa kada a kuskura a nufe ta da wannan gilashi, ko da tana gab da faɗuwa, domin leƙa ta ta cikinsa na iya lalata ido har abada, kuma tana iya ƙona cikin kyamara.

Raunin da yake na gilashin kansa shi ne jan layi ko shuɗi-shuɗi da ke fitowa a gefen abu mai duhu idan bayansa farin sama ne, da kuma rashin ƙarfin launi. Ɗauka da tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana ba da damar rage duka biyun a kwamfuta, kuma kauce wa farin sama a bayan abin da ake ɗauka yana rage su tun daga tushe. Ɗigon baƙi da ke bayyana a wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce a kan sensa, wadda f/16 ke tonawa. Bututun da ake zarowa ana mayarwa yana zuƙo iska da ƙurarta, saboda haka a rage wasa da shi a cikin hazo. Da damina kuma a ajiye shi a akwati mai rufewa tare da ƙwayoyin tsotse laima, domin kada fumfuna ta kama gilasan ciki.

Mai ɗauke da dogon bututu a kan ƙafa uku yana jan ido, kuma a garin da ke da shingayen tsaro kamar Jos ya kamata ya san inda yake nufa da shi. Kada ya juya shi wajen bariki ko shingen jami'an tsaro, kada kuma ya leƙa cikin gidajen mutane ko ya ɗauki wanda bai sani ba daga nesa. Idan zai hau dutsen da ke kusa da ƙauye, ya fara gaisawa da mutanen wurin ya faɗi abin da ya kawo shi kafin ya kafa kayansa.