Yadda gidan namun daji zai shiga aikin haɗin gwiwa na ceto dabbobi

Babu gidan namun daji ko gidan halittun ruwa da zai iya ceto wani jinsi shi kaɗai, domin 'yan dabbobin da ke hannunsa, idan suka yi ta haihuwa a tsakaninsu, jininsu zai yi rauni, a riƙa samun ɓari da nakasa da saurin kamuwa da cuta. Saboda haka ne gidajen suka kafa ƙungiyoyi, suke kiwon dabbobin da ke warwatse a ƙasashe da yawa tamkar garke ɗaya.

Matakin farko shi ne neman shiga ƙungiyar yankin da gidan yake. Akwai AZA da aka kafa a Amurka a 1924, da PAAZA ta Afirka tun 1989, da EAZA ta Turai tun 1992, sannan WAZA, wadda asalinta ya koma 1935, tana haɗa su a matakin duniya. Ba da takardar nema kawai ake shiga ba. Masu bincike za su zo su duba keji da abinci da ɗakin magani da horon ma'aikata, kuma a tsarin AZA ana sake wannan tantancewar duk bayan shekara biyar.

Daga nan sai rubuta tarihin kowace dabba, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin take, ko da yake baƙo ba ya ganinsa. A sanya wa dabbar ƙaramar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata, a rubuta ranar haihuwarta da uwarta da ubanta da inda aka samo kakanninta, a shigar da komai cikin manhajar ZIMS ta ƙungiyar Species360, wadda gidaje sama da 1,000 ke amfani da ita. Kowane jinsi da ke cikin shirin kiwon haɗin gwiwa yana da mutum guda mai riƙe da littafin nasabarsa. Idan ma'aikaci ya bar maza biyu a shinge ɗaya da mace, har aka haifi ɗan da ba a san ubansa ba, to ya jefa lissafin kowa cikin shakka, sai an ɗebi jini an gwada. Don haka a rubuta abu ranar da ya faru, a kuma rubuta mutuwa da dalilinta ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Abu mafi nauyi a rai shi ne miƙa wuya ga mai kula da shirin. AZA ta fara shirinta na kiwon haɗin gwiwa mai suna SSP a 1981, Turai kuma ta fara irin nata mai suna EEP a 1985, kuma dukansu suna fifita dabbar da ba ta da dangi da yawa a cikin garken, domin jininta ne ya fi ƙaranci. Wannan na nufin za a iya umartar gida ya aika dabbar da ta fi jawo masa 'yan kallo zuwa wata ƙasa, ko ya dakatar da haihuwar wadda zuriyarta ta riga ta yi yawa. Gidan da ke ɗaukar dabba a matsayin dukiyarsa ba zai jure wa wannan ba, kuma gara ya san haka tun kafin ya shiga.

Idan tafiya ta zo, a nemi izini bisa yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke tsara cinikin dabbobin daji da safararsu tsakanin ƙasashe, a saba wa dabbar da akwatin tafiya ta hanyar ba ta abinci a ciki na makonni, sannan a killace ta idan ta isa.

Mayar da dabba daji kuwa ba a yinsa sai an magance abin da ya kawar da ita tun farko, tare da gwamnati da mutanen da ke zaune a wurin. Maririn Sahara misali ne mai ƙarfafa zuciya. A 2000 hukumar IUCN, mai riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa a duniya, ta bayyana cewa ya ƙare a daji, bai rage ba sai a hannun masu kiwo. An tattaro garke a Abu Dhabi daga wurare daban-daban, aka kai rukunin farko gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi a 2016, aka tsare su cikin babban shinge har suka saba da ciyawa da zafin wurin, sannan aka sake su da na'urar bin sawu a wuya. Sun hayayyafa, kuma a Disamban 2023 IUCN ta cire maririn daga jerin waɗanda suka ƙare a daji, ta mayar da shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana.