Shawara ga masu koyon aikin katako a kwalejin fasaha da zane

Duk ɗalibin da ya fara koyon ƙera kayan katako daidai da awo, shawarata gare shi ita ce kada ya dogara da kaurin da aka rubuta wa katako. Filawud ɗin da ake kira mai milimita 18 sau da yawa yakan ɗan gaza haka, kuma idan aka zana ramin haɗi a kwamfuta bisa wannan adadin, injin CNC, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, zai yanka abin da aka umarce shi, amma haɗin zai fito sako-sako. Saboda haka a auna kaurin kowane falanki a wurare da dama kafin a kammala zane, sannan a gwada haɗin a kan guntun katako, ko da lokaci ya ƙure.

A tuna kuma cewa haƙoran zarton tebur suna cinye kimanin milimita 3 a kowane yanka, don haka a yanka a gefen layin awo ta ɓangaren katakon da za a zubar. Katako yana kumbura ko ƙanƙancewa ta faɗinsa gwargwadon laimar iska, shi ya sa ake barinsa kwanaki a ɗakin aiki kafin a fara yanka shi.