Yadda Ake Rubuta Tarihin Ɗan Ƙwallon Ƙaramin Rukuni: Misali Daga Rayuwar Robin Friday

Duk wanda ya ƙudiri aniyar rubuta tarihin ɗan ƙwallon da ya yi zamaninsa a ƙananan rukunan gasar Ingila, musamman irin wanda Allah ya ba baiwa amma shaye-shaye ya cinye shi, zai ci karo da matsala guda tun kafin ya ɗora alƙalami a takarda: labaran da ake bayarwa a kansa sun fi hujjojin da suka rage yawa nesa ba kusa ba. Babu wanda ya fi nuna haka kamar Robin Friday, ɗan wasan gaba na Reading da Cardiff City, wanda aka haifa a unguwar Acton da ke yammacin Landan ranar 27 ga Yuli 1952, ya bar ƙwallo yana da shekara 25, ya rasu yana da 38. Da rayuwarsa zan yi misali, domin duk wani tarkon da ke jiran marubuci yana cikinta.

Ka fara da fahimtar duniyar da mutumin ya buga ƙwallo a cikinta, domin ba irin ta yau ba ce. A shekarun 1970 gasar ƙwararru ta Ingila rukuni huɗu ce mai ƙungiyoyi 92, kuma Rukuni na Huɗu, wanda aka kafa a 1958, shi ne na ƙasa ƙurmus. Maki biyu ake ba wanda ya yi nasara, sai a 1981 aka mayar da shi uku. Ɗan canji guda ɗaya tak aka yarda kowace ƙungiya ta sa. Katin gargaɗi da jan kati ba su shigo gasar ba sai a watan Oktoba 1976, saboda haka idan ka rubuta cewa an ɗaga wa ɗan wasa jan kati a 1975 ka yi kuskure, da baki alƙalin wasa ya kore shi. Irin wannan ɗan kuskure shi ke sa mai karatu da ya san harkar ya daina amincewa da sauran abin da ka rubuta. Ka kuma san abin da ke ƙarƙashin rukunan huɗu, wato gasannin 'yan wasan da ba da ƙwallo suke ci ba, kamar gasar Isthmian inda Friday ya buga wa Walthamstow Avenue da Hayes, yana aikin shimfiɗa kwalta a rufin gine-gine da rana.

Bayan haka sai ka gina ƙashin bayan tarihin da abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru, ba abin da aka tuna daga baya ba. Ka buɗe jadawali, kowane wasa da layinsa: rana, abokan karawa, fili, sakamako, ko ya buga, ko ya ci ƙwallo, ko an kore shi. Madogararka ta farko ita ce jaridun garin da ƙungiyar take, irin su Reading Evening Post da South Wales Echo, domin manyan jaridun Landan ba su cika waiwayar Rukuni na Huɗu ba, amma jaridar gari tana tura wakili kowace Asabar, ya bi 'yan wasa har wasannin waje. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana adana tsofaffin jaridu, an kuma ɗora da yawa daga ciki a intanet. Ka haɗa da ƙananan mujallun da ƙungiyoyi ke sayarwa a ranar wasa, da kundin alƙaluman da ake bugawa duk shekara. Wannan aiki ne mai cin rai, amma shi zai ba ka abin da ba a jayayya da shi: cewa Hayes ta kara da Reading a gasar cin kofin FA a watan Disamba 1972, cewa kocin Reading Charlie Hurley ya ɗauko Friday a watan Janairu 1974 a kan fam 750, cewa ya ci ƙwallo 46 a wasannin lig 121 da ya buga wa Reading, sannan 6 a wasa 21 a Cardiff.

Kada ka raina abin da jadawalin zai nuna maka ta wurin guraben da babu komai. Idan ka ga sunan ɗan wasa ya ɓace makonni uku a jere, ka tsaya a nan ka tona, domin ko dai rauni ne, ko dakatarwa, ko kuma ya yi ɓatan dabo ne kawai. A Cardiff irin waɗannan gurabe sun yi yawa a layin Friday, kuma su kaɗai sun isa su gaya maka cewa al'amarinsa ya fara lalacewa tun kafin kowa ya faɗa a fili.

Daga nan sai ka shiga aiki mafi wuya, wato tace labaran baka. Hanyar da na ga ta fi dacewa ita ce ka yi wa kowane labari tambaya uku: wa ya gani da idonsa, yaushe aka fara rubuta shi, kuma wa ke cin riba idan an yarda da shi. Ka ɗauki ƙwallon da Friday ya ci Tranmere Rovers a Elm Park, filin Reading na wancan lokaci, ranar 31 ga Maris 1976, wasan da Reading ta ci 5 da nema. Babu bidiyon ƙwallon, domin ba a kai kyamarar talabijin irin wannan wasa. Abin da shaidu suka haɗu a kai shi ne, an ɗaga masa doguwar ƙwallo yana wajen da'irar mai tsaron gida, bayansa na kallon raga, ya daka tsalle ya tare ta da ƙirji, ya juya kafin ta taɓa ƙasa, ya ɗirka ta can saman kusurwar raga. Nisan da ya buga ta daga shi kuwa yana ƙaruwa gwargwadon yadda shekaru ke tafiya, kowane mai ba da labari da nasa gishirin. Abin da ya ba wannan labari ƙarfi shi ne alƙalin wasan, Clive Thomas, mutumin da ya yi alƙalanci a gasar cin kofin duniya ta 1974 da ta 1978, wanda aka gani ya ɗora hannu a ka don mamaki, kuma daga baya ya sanya ƙwallon a sahun gaba na duk waɗanda ya taɓa gani. Ga shaida wanda ba ɗan Reading ba ne, ba shi da abin da zai samu, ya kuma ga manyan 'yan wasan duniya da idonsa. Irin wannan labari ka rubuta shi gaba gaɗi, ka bar maganar nisan a yadda jaridar washegari ta faɗa.

Ka kwatanta shi da labarin da ake yaɗawa game da wasan Cardiff da Brighton na ranar 29 ga Oktoba 1977. Cewa an kori Friday saboda ya hauri ɗan bayan Brighton Mark Lawrenson a fuska, wannan yana rubuce, dubban mutane sun gani. Amma abin ƙazantar da aka ce ya shiga ɗakin canza kaya ya aikata bayan an kore shi, labari ne na ji-ta-ji-ta wanda ya fi yawo a bakin waɗanda ba su je filin ba. Idan dole ne ka ambace shi, ka ambace shi a matsayin abin da ake faɗa, ka nuna daga ina ya samo asali, kada ka jera shi kafaɗa da kafaɗa da abin da aka tabbatar. Tsakanin waɗannan biyu akwai labarai masu matsakaicin ƙarfi, kamar sumbatar ɗan sandan da ya yi bayan ya ci Rochdale ana dab da tashi a 1975, ko kama shi da aka yi a tashar jirgin ƙasa ta Cardiff ranar da ya zo sa hannu a kwantiragi saboda ya yi tafiyar ba tare da tikitin da ya dace ba. Waɗannan suna da shaidu da dama, kuma sun dace da halin mutumin.

Idan ka samu damar tattaunawa da waɗanda suka yi zamani da shi, ka yi da kowa shi kaɗai, domin tsofaffin abokan wasa idan suka haɗu wuri guda, labarin wanda ya fi iya baki shi ke rinjaye. Kada ka tambayi mutum ko labari kaza gaskiya ne, ka ce ya ba ka labarin ranar tun daga safiya. Ka tambayi abubuwan da ba a saba tambaya ba: ƙarfe nawa yake zuwa atisaye, wa ke ba shi aron kuɗi, ina yake kwana, me koci ke cewa idan bai zo ba. A nan ne za ka ga mutumin a kusa, safarsa a zube a idon sawu, babu abin kare ƙwauri, 'yan baya suna sharar ƙafarsa yana miƙewa yana komawa kansu. Iyalansa kuwa ka je musu da ladabi, ka tuna cewa abin da magoya baya ke ba da labarinsa suna dariya, su a cikin gidansu suka sha ɗacinsa. Duk wanda ba ɗan wasa ko jami'in ƙungiya ba ne, kada ka bayyana sunansa sai da yardarsa.

A kan maganar giya da ƙwayoyi ne marubuta suka fi zamewa, kuma a nan nake so ka fi yin hattara. Akwai masu mayar da shaye-shayen abin burgewa, kamar dai shi ne sirrin baiwar, akwai kuma masu mayar da littafin gaba ɗaya wa'azi har ƙwallon ta ɓace. Ni a ganina dukansu sun zalunci mutumin. Ka rubuta shaye-shayen a matsayin abin da ke da sanadi da sakamako, kuma ka bi diddigin duka biyun. Friday ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi zama a gidan horon kangararrun yara na Feltham saboda sata, ya yi aure yana da 17. A 1972 ya faɗo daga inda yake aiki wani tsinin ƙarfe ya huda shi har cikin ciki, aka yi masa tiyata, cikin wata uku ya koma fili. Da ya zama ƙwararre a Reading, albashinsa bai wuce rabin abin da yake samu a aikin kwalta ba. Ka ajiye waɗannan a gaban mai karatu, sannan ka yi tambayar da ta wajaba a kan ƙungiyoyin kansu: wa ya kawar da kai saboda yaron yana cin ƙwallaye? An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Reading kaka biyu a jere, kuma a kakar 1975 zuwa 1976 ƙwallayensa ne suka taimaka wa ƙungiyar ta hau Rukuni na Uku, hawan da rabonta da irinsa tun 1926. Muddin raga na motsi ranar Asabar, abin da ya faru daren Laraba ba ya cika damun kowa. A wancan zamani babu wani tsari na kula da ɗan wasan da jaraba ta kama, domin asibitin Sporting Chance da tsohon kyaftin ɗin Arsenal Tony Adams ya kafa don irin waɗannan 'yan wasa sai a shekarar 2000 ya samu. Wannan ba wanke Friday ba ne daga abin da ya yi wa kansa da mutanensa, bayani ne na filin da aka bar shi a ciki.

Ka kula da kuɗin ciniki, domin shi ma shaida ne. Cardiff, wadda ke Rukuni na Biyu a lokacin, ta saye shi a ƙarshen Disamba 1976 a kan fam 28,000, kuɗin da ya yi kaɗan ƙwarai ga mai irin ƙwallayensa. Farashin yana gaya maka cewa Reading ta gaji, kuma manyan ƙungiyoyin da suka turo masu leƙo shi sun ji labarin halinsa sun janye. Ranar 1 ga Janairu 1977 ya fara buga wa Cardiff, ya zura ƙwallo biyu a ragar Fulham alhali Bobby Moore, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Ingila kofin duniya a 1966, yana cikin masu tsaron bayanta. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye takalmansa. Ka jera waɗannan ranaku biyu kusa da juna a rubutunka, ba sai ka ƙara wani sharhi ba.

Kuskuren ƙarshe da ake yawan yi shi ne rufe labari ranar da ɗan wasa ya bar fili, kamar ransa ya fita tare da busar tashi. Friday ya rayu shekara 13 bayan ƙwallo, fiye da ninki uku na shekarun da ya yi yana ƙwararre, kuma waɗannan shekaru suna da haƙƙi a kanka ko da jaridu ba su rubuta komai a kansu ba. Ya koma Landan ya ci gaba da aikin kwalta da fenti. Magoya bayan Reading kimanin 3,000 sun sa hannu a takardar roƙon a dawo da shi, sabon koci Maurice Evans ya neme shi, ya ƙi. A shekarun 1980 ya yi zaman kurkuku saboda ya yi sojan gona a matsayin ɗan sanda yana ƙwace ƙwayoyi a hannun mutane. Don wannan zango sai ka koma ga bayanan kotu, da rajistar aure da ta mutuwa, da waɗanda suka yi aiki tare da shi a kan rufin gine-gine, mutanen da ba kasafai ake tambayarsu ba.

Game da rasuwarsa, ka tsaya a kan abin da aka rubuta a hukumance, wato an same shi a gidansa da ke Acton ranar 22 ga Disamba 1990, kuma bugun zuciya ne aka bayyana a matsayin sanadi. Idan za ka kawo zargin da wasu suka yi cewa ƙwaya ce ta jawo, ka jingina shi ga masu faɗarsa. Karramawar da ta biyo baya, wato zaɓensa gwarzon ɗan wasan Reading na shekara dubu a 1999 da ƙuri'ar BBC ta 2004 inda magoya bayan Reading da na Cardiff duka suka fifita shi, ka sanya ta a babi na daban, ka kuma rubuta shekarun a fili domin mai karatu ya ga cewa da yawa daga masu jefa ƙuri'ar ba su taɓa ganinsa yana taka leda ba.