Yadda na gyara dishi-dishin ramin leƙen kyamarata

Ana gobe sunan ɗan yayata a Agege, na sa ido a ramin leƙen kyamarata sai na ga komai dishi-dishi, amma hotunan da na ɗauka suna fitowa tsaf a allon baya. Wannan ya nuna min gilashin gaba lafiyarsa lau, don haka ban kwashi ƙafa zuwa Ikeja wajen masu gyara ba.

A gefen ramin akwai 'yar mitsitsiyar taya mai alamar + da −. Aikinta daidaita abin leƙen da ƙarfin idon mai kyamara, ba ruwanta da hoton kansa. Gogayyar cikin jaka ma tana iya juya ta. Na auna farin bango, na riƙa murza ta a hankali ina kallon lambobin da ake gani a cikin ramin daga ƙasa, ba bangon ba, har suka fito raɗau. Mai tabarau ya gyara da tabaransa a ido.

Batun zum kuwa, don kada hoton kansa ya yi dishi-dishi, fara jawo abin da za ka ɗauka kusa tukuna, sannan ka danna maɓallin ɗauka rabi har kyamarar ta kama shi raɗau. In ka sake murza zum, sake dannawa. Zum na dijital kashe shi na yi, yanke hoton kawai yake yi ya hura shi.