Yadda Za Ku Huta da Iyali a Assawira ta Maroko

Duk wanda ya ce min zai kai iyalinsa Assawira, abin da nake fara ce masa shi ne ya jefa rigunan sanyi a jaka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke gasa mu a Kano, can iskar tekun Atlantika ce ke da gari. Da safe shiru, bayan azahar sai ta taso tana watsa yashi har cikin kunne. In kun tsara yininku a kanta, kun huta. In kun yi mata taurin kai, yara za su wuni suna kuka.

Hanyar ba wuya. Jirgi zuwa Kasabalanka, jirgin ƙasa zuwa Marrakesh, daga nan bas ɗin Supratours da ke tashi dab da tashar jirgin, tafiyar kusan awa uku. Ku sayi tikiti tun jajibiri. A hanya kuna iya ganin awaki a kan bishiyar argan, yara za su yi ta ihu a tsaya. Ku dai sani, wasu ɗora su ake yi don masu ɗaukar hoto su biya.

Batun masauki ya fi komai. Ni dai shawarata ku sauka cikin tsohon gari, wanda suke kira madina, don ganuwarsa tana tare iska. Mota ba ta shiga, masu kura ne ke jiran ku a bakin ƙofa su tura kaya, sai ku gama ciniki kafin jaka ta hau. Gidajen baƙin nan da ake kira riyad dogaye ne, matakalarsu tsaye kuma matsattsiya. Idan kuna tare da Hajiya mai ciwon gwiwa ko yaro mai rarrafe, ku nemi ɗakin ƙasa tun kafin ku biya. Ku tambayi ƙarin bargo, ku kuma tambaya ko ɗakin na samun rana, don danshin teku yana kama bango, tawul ma ya kwana bai bushe ba. In da hali ku ɗauki gida mai kicin. Yaron da ya ƙi abincin baƙunta, indomi ce za ta raba gardama.

Safiya ta waje ce. Ku gangara tashar masunta ta dandalin Moulay Hassan, ku ga shuɗɗan kwale-kwale jere, ana sauke kifin sadin yana ƙyalli, tsuntsayen teku na shawagi suna neman wanda ya yi sakaci. A rumfunan gashi ku zaɓi kifinku da hannu, a auna a gabanku, a faɗi kuɗin da dirhami, sannan ya hau wuta. Daga nan ku hau Skala, ganuwar da aka jera wa manyan bindigogi masu fuskantar teku. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ne ya gina garin a shekarun 1760, ya mai da shi mashigar kayan ayarin da ke tasowa daga Timbuktu, kuma UNESCO ta sa madinar cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ku riƙe hannun ƙanana a saman nan.

Kada ku yi wa yara alkawarin wanka a teku. Ruwan sanyi ƙarara ne. Wasan yashi, jiƙa ƙafa, ko hawan raƙumi a can ƙarshen gaɓar, ya wadatar, kuma kafin sha biyu.

Da iska ta fara kaɗa mayafi, ku shige gari. Ku ci abinci, ku yi ƙailula ba tare da jin kun yi asarar kuɗin tafiya ba. Da la'asar ku bi lunguna, ku leƙa masassaƙan wani ice da suke kira thuya, waɗanda ke ƙarƙashin Skala, ƙamshin icen kaɗai ya isa dalili. Ku zauna shan shayin na'ana'a, ku sa a kawo burodi da amlu, wato almon da zuma da man argan. Kamar tunkuza mai ruwa-ruwa yake, yara ba sa barin ko ɗigo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ku nemi kuskus, don ranarsa ke nan.

Da dare za ku jiyo kiɗan Ginawa, jikokin mutanen da aka kawo daga ƙasashen kudu da Sahara. Babbar gangarsu, su ma ganga suke ce mata. Bikinsu na shekara, wanda aka fara a 1998, galibi a watan Yuni ake yi, garin ya cika maƙil, ɗaki ya yi tsada. Mai neman hutu ya riga shi zuwa.

Tsaraba kuwa, man argan iri biyu ne, na ci da na shafawa. Na ci an soya ƙwayarsa, ya fi duhu da ƙamshi. Ku shinshina kafin ku saya, ku naɗe kwalbar da leda biyu, ku sa ta a babbar jaka, don ba za a bar ku ku shiga jirgi da ita a hannu ba.