Darasi na Bakwai: Riƙon Ma'aikata Idan Kuɗi Sun Yi Ƙaranci

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai ɗan abin yi a karkara ya ji a jikinsa. Mai injin niƙa yana kuka da tsadar mai. Manomin rani a Kura da Kadawa yana kuka da kuɗin taki. Matar da ke turara shinkafa a cikin gida ta ga itace ya yi tsada, ga kuma mata uku ko huɗu da ke taya ta, kowacce da bakunan da take ciyarwa. Kowa yana son ya ƙara wa masu yi masa aiki, amma aljihu ya ƙi. To, yaya za a yi kada su gudu, kuma kada su riƙa yin aikin da rabin zuciya?

Mu fara da abin da ba ya cikin kyauta, wato haƙƙi. Idan kun yi jinga da ɗan ƙwadago zai nome maka gona a kan kaza, ranar da ya gama ita ce ranar biya. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kamar yadda Ibn Majah ya ruwaito. Na tsaya a nan da gangan, domin na sha ganin maigida ya cika yaransa da daɗin baki, "kai ne gwanina, kai ne na hannun damana," alhali kuɗinsu na mako biyu yana hannunsa. Wannan romon baka ne, kuma ma'aikaci ya san bambancinsa da yabo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In har ka san kuɗin ba za su samu ran Alhamis ba, faɗa masa tun Litinin, ka sa masa rana, ranar kuma ta cika ka cika.

A nan karatun da muke koya zai yi mana rana. Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan firamare. Kowane ma'aikaci a ba shi shafinsa: sunansa a sama, sai rana, sai aikin da ya yi, sai abin da aka ba shi, sai abin da yake bi. Ka rubuta a gabansa, ka karanta masa da ƙarfi. Yawancin rigimar gona da ta shago daga "na ba ka" da "ba ka ba ni ba" take tashi. Wanda ya ga an rubuta haƙƙinsa, hankalinsa ya kwanta.

Bayan haƙƙi sai yabo, shi kuwa ko kwabo ba ya ci. Amma yabo iri biyu ne. Akwai "sannunku da aiki" da ake jefa wa kowa a wuce. Akwai kuma wanda ake kiran mutum da sunansa a faɗi ainihin abin da ya yi. Karanta wannan misali a hankali. A ce mai gonar tumatir ne ya zo da yamma ya tarar an gama ɗaurin kwanduna za a kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, sai ya dubi dattijon da ke cikin ma'aikatan, a gaban sauran, ya ce:

"Baba, na ga yadda kuka ware masu tabo gefe guda. Da an haɗa su da na kirki, da dillali ya karya mana farashin duka. Allah Ya saka da alheri."

"Ba komai, Alhaji. Ai aikinmu ne."

Zai ce ba komai, amma da wannan maganar zai kwana, kuma matasan da ke wurin sun ji abin da ake so ba tare da an yi musu faɗa ba. Lura kuma da yadda ya ce "kuka", bai ce "ka" ba. Kasancewar kai ke biyan mutum bai sauke masa furfurarsa ba.

Faɗa kuwa akasin haka ake yin sa. Ja mutum gefe, bayan rumbu ko bakin rijiya, ku yi ta ku biyu. Wanda ka tsinka a gaban tsaransa zai iya dawowa gobe saboda yunwa, amma zuciyarsa ta riga ta bar gonarka.

Akwai abubuwan da ke hannunka da suka fi kuɗi tsada a wurin ma'aikaci. Iyayenmu sun san wannan sarai. A tsarin gandu, maigida yakan yanka wa ɗa ko bara gayauna, wato 'yar gona tasa ta kansa, ya bar masa lokacin da zai noma abinsa. Yau ma in kana da gefen gona da ba ka iya nomewa, kunya goma da ka bar wa yaronka ya shuka wake ko kuɓewa za ta ɗaure shi da kai fiye da ƙarin naira dubu. Ara masa garmar shanu ranar da ba ka aiki da ita. Sallame shi da wuri ranar kasuwa, ko ranar da matarsa za ta awo. In an yi masa rasuwa ko haihuwa, je da ƙafarka.

Mafi girma duka shi ne koyar da sana'a. Wasu masu inji suna ɓoye wa yaransu yadda ake kwance shi da ɗaura shi, wai kada su iya su tafi. Ni ban yarda da wannan ba. Yaron da ya san ana koya masa, kuma akwai ranar da za a yaye shi, yakan riƙe injin kamar nasa. In ya tafi ma, ka yi ɗa a wani gari.

Kyauta kuma kada a raina ta don ƙanƙanta. Mu yi lissafi. A ce buhunka yana cin kwano 40, ma'aikatanka 6. Ka ba kowa kwano 2 na shinkafa goron Sallah. Kwano nawa ya fita? 12. Nawa ya rage? 28. Sai dai a kula: in za a fifita wani, a faɗi dalili a fili, kuma dalilin ya zama aiki. In kullum ɗan ƙanwarka ne ke samun tukuici, sauran za su sake hannu, kuma suna da gaskiya.

Aikin gida: a littafinka, rubuta sunayen masu yi maka aiki, ko da mutum ɗaya ne, ko da ɗanka ne ko 'yarki. A gaban kowane suna rubuta abu ɗaya da ya yi da kyau a makon nan. Ka faɗa masa kafin Juma'a. Idan akwai wanda yake bin ka, rubuta adadin da ranar da za ka biya, ka zo da littafin aji na gaba mu karanta tare.