Yadda Ake Karatun Ilimin Ɗabi'a a Kwalejin Shekara Biyu a Amurka

Ga mai son aikin kula da jama'a a Amurka, kamar gidajen masu buƙata ta musamman, cibiyoyin raba mutane da shaye-shaye ko aiki da yara masu lalurar otizim, kwalejin al'umma ta shekara biyu ce hanya mafi sauƙin kuɗi. Shaidarta tana cin kiredit (ma'aunin da ake lissafa darussan da ɗalibi ya ci) wajen 60. Mai ɗaukar 15 a kowane zango zai gama cikin zango huɗu. Mai ɗaukar 12 kuwa, ko da yake ana lissafa shi cikakken ɗalibi, sai ya ƙara na biyar.

Kuskure mafi tsada tun ranar rajista ake yin sa, wato wajen zaɓen nau'in shaidar da za a nema. Shaidar AA da AS an tsara su ne don wucewa jami'a, ita kuwa AAS ta fita aiki ce kai tsaye, kuma sau da yawa jami'a ba ta karɓar duk kiredit ɗinta. In kana da niyyar digiri, nemi mai ba ɗalibai shawara ya nuna maka rubutacciyar yarjejeniyar da ke tsakanin kwalejin da jami'ar, kada ka tsaya a kan maganar baki. Darasin ƙididdiga kuma ka yi shi da wuri, don masu ajiye shi sai ƙarshe shi ke riƙe su. Tallafin gwamnatin tarayya ta fom ɗin FAFSA na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da makamantansu, ban da mai bizar ɗalibi.

A aji za ka ji sunan Pavlov da Skinner, masanan da suka yi fice a nazarin ɗabi'a, amma abin da zai ba ka abinci shi ne iya rubuta abu uku: me ya faru kafin ɗabi'ar, me mutumin ya yi, me ya biyo baya. Kada ka rubuta "yaro ya yi fushi". Rubuta: an ce ya ajiye waya, ya kwanta ƙasa yana ihu na minti uku, aka mayar masa da wayar. Da ka tara irin wannan na mako ɗaya, za ka ga ihun yana ci gaba ne saboda yana biya masa buƙata. Ranar da aka daina mayar da wayar, ihun kan ƙaru kafin ya ragu. A nan sababbin ma'aikata ke karaya su miƙa wayar, sai yaron ya koyi cewa ihu mai ƙarfi ne ke aiki.

Tun kana karatu za ka iya neman shaidar RBT, ta ma'aikacin gyaran ɗabi'a, daga BACB, hukumar da ke tantance masu wannan sana'a. Sharuɗɗanta: shekara 18, takardar gama sakandare, horo na awa 40, binciken tarihin laifi, gwajin aiki a gaban ƙwararre, sannan jarrabawa. Bayan ka samu, dole mai sa ido ya duba aƙalla kashi 5 cikin 100 na awannin aikinka kowane wata.

Ita wannan shaidar ta mai aiwatar da tsari ce, ba ta mai rubuta shi ba. Rubuta tsarin gyaran ɗabi'a aikin ƙwararre mai shaidar BCBA ne, wadda sai da digiri na biyu.